Mai Banda da Itatuwan Bakin Teku

Ke, ajiye gatarin nan! Ku 'yan matan yanzu hannunku ƙaiƙayi yake yi, duk abin da kuka gani a tsaye sai kun kwantar da shi. Zauna ki ji.

A wani gari na bakin teku an yi mata biyu maƙwabta, sana'arsu bandar kifi. Tsakanin gidajensu da ruwa akwai wasu itatuwa masu tsiro cikin laka, saiwoyinsu a waje kamar ƙafar kaza, a ƙarƙashinsu kifi ke zuba ƙwai. Da kifi ya fara ƙaranci, sai babbar ta rage hura wuta. Ta saƙa amya ta rataya a rassan da ke gaban gidanta don ƙudan zuma su shiga, ta haƙa 'yan ramuka tana shanya ruwan teku ya zama gishiri. Aikin jira ne, wata da watanni miyarta ba mai. Ƙaramar kuwa ba ta san jira ba. Ta zauna, ta tashi, ta leƙa ko kwale-kwalen mijinta ya taho, ta dawo, ta sake fita. Duk abin da komarsa ta kamun kifi ta jawo, ko bai kai ɗan yatsa ba, sai ya hau wuta. Da itacen daji ya yi mata nisa, ta ɗauki gatari ta faɗa wa na gabanta. Babbar ta ce, "Ƙanwata, bari. Katangarki kike sarewa." Ta ce, "Yaya, ke jira zumarki. Ni 'ya'yana yau za su ci."

Ta sare, har saiwa ta tono ta ƙona. Shekara ta zagayo, mijin ya riƙa dawowa da koma wayam. Sai damina ta zo da iska. Igiyar ruwa ta iso gaban gidan babbar, ta tarar da saiwoyi, ta karye a nan. Ta iso gaban gidan ƙaramar, fili fetal. Ta ci murhun banda, ta ci ɗakin kwana, ta kwashe har ƙasar da aka binne cibiyar 'ya'yanta. Yanzu ƙaramar tana rakuɓe a zauren dangin miji can kan tudu, ita ke ɗaukar wa babbar gishiri a ka zuwa kasuwa, a sam mata na miya.

Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.