Saƙonnin Lakwaja

Ranar Litinin, shida ga watan Oktoba, aka fara zaluntata.

Duk rayuwar aikina ina zana wa yara mahaɗar kogin Neja da Binuwai a allo, amma ban taɓa ganin wurin da idona ba. Da na yi ritaya na ce lokaci ya yi. Na tsara kwana biyu a Lakwaja: hawan dutsen Patti da safe, da yamma mu shiga kwalekwale har inda ruwan biyu suka gauraya. Mutum biyu kaɗai na gaya wa, Jalo direba da maiɗakina Hajiya Hajo. Ita ta ce, "Allah ya kai mu," ta ci gaba da tankaɗe. Shi kuwa Jalo, duk unguwarmu ta Ƙofar Kibo an san bakinsa ba ya rufuwa.

A wannan Litinin ɗin Malam Aƙilu tela ya yi sallama da ƙulli a hannu.

"Malam, an ce Lakwaja za ku. Ga 'yar daddawa, a miƙa wa ƙanwar matar yayana."

A Birnin Zazzau ba a ƙin karɓar saƙo. Na karɓa. Kafin Juma'a zaurena ya cika da kuka, yaji da busasshiyar kuɓewa. Mutanen da ban taɓa jin sun ambaci Lakwaja ba duk sun tuna suna da dangi a can. Kowane ƙulli an ɗaure bakinsa da tsumman koriyar atamfa, har na yaba wa unguwar a kan tsari.

Na tsare Jalo. "Kai ka yi shela, ko?"

"Wallahi Malam, ko matata ban gaya wa ba."

Na ce ya riƙe rantsuwarsa, tun yana aji uku na san shi.

Ranar Asabar muka kama hanya, mota na ta ƙamshin daddawa. Da muka hau gadar Neja na juya in nuna wa Hajiya ruwa, na tarar ta rufe ido. Na ce gajiya ce.

A Lakwaja kuwa gida-gida muka dinga bi. Duk inda muka shiga sai an shimfiɗa tabarma, an kawo abinci. Hajiya, da ko a gidan biki ba ta daɗewa, sai ta tambayi lafiyar kowane yaro da sunansa, ta kuma ƙara tuwo. Wata tsohuwa ta juya ƙullinta ta ce, "Wai wane ne Aƙilu?" Ba mu sauke na ƙarshe ba sai da lokacin komawa ya yi. Dutsen Patti daga nesa na hango shi. Kwalekwale ko a tudu ban gani ba.

Hanyar dawowa na dinga hararar Jalo.

Yanzu na gama bincike, kuma ba zan haƙura ba. Ina neman a tara unguwa a ƙofar gidana, a kira Jalo ya zauna a gaba, a ba ni haƙuri kowa na ji. Wadda za ta bayar kuwa ita ce matar da ko gadar Kubanni ta nan garinmu ba ta hayewa ido buɗe, wadda jiya na ga koren zanenta a kan igiyar shanya, saura rabi.