Abin da Ya Rage Daga Jikinsa

"Mun gano ta, Dakta!" in ji abokin aikinta a ɗakin gwaje-gwaje. "Ga ƙwayar gadon da ke sa cutar nan ta fitar da sinadarin da ke daddatse magani. Shi ya sa allura ba ta kama ta."

Shekara da shekaru take neman wannan amsa, amma ko murmushi ta kasa yi.

"Sauran ƙwayoyin fa, mu ƙona su?"

"A'a, bar min su."

Daga jinin autanta aka ɗebo su, kafin ya cika. Kullum da safe ita ke zuba musu abinci a ɗan farantin gilashi. Duk duniya, su kaɗai suka rage da rai daga jikinsa.