Shekarar da Gansakuka ta Hau Falale

Falalen dutsen da ke gangarawa cikin gulbi a bayan ƙauyen, can wajen Furfuri, hawa uku ne, kuma kowa a garin ya san haka. Sama rana ta gasa shi, ba abin da ke rayuwa a kai, nan ake shanya. Can ƙasa cikin zurfi gansakuka ce kore shar, mai santsi kamar miyar kuɓewa. Tsakiya kuwa, inda ruwa bai wuce idon sawu ba, dutsen ƙal yake, don 'yan ƙananan dodon koɗi sun lulluɓe shi suna kankare gansakukar tun ba ta yi ƙarfi ba. Ba sa hawa sama saboda zafi, ba sa sauka ƙasa saboda tarwaɗa na jiran su. A tsakiyar nan ake tsayawa.

Nan Baba Isah yake wanka kowace safiya. Idonsa ya yi rauni, amma ƙafarsa ta haddace dutsen. Nan kuma Rakiya, matar babban ɗansa da ya rasu, take wanke kalwar daddawa, sana'ar da take riƙe marayunta biyu da ita.

Zancen marayun nan shi ke cin Rakiya a rai. Ubansu ya riga kakansu mutuwa, ga baffansu Labbo da ransa, saboda haka ranar da tsoho ya faɗi ko taki ɗaya na gona ba su da shi. Baba Isah ya san da wannan. Wata rana ya kira ta a gaban Labbo.

"Kwantar da hankalinki, ɗiyata. Da an kai amfani gida zan tara shaidu. Lambun bakin gulbi na ɗiyanki ne."

Labbo ya ce madalla, ai dama abin da ya kamata ke nan. Daga ranar kuwa ya ƙara wa tsohon hidima. Kullum shi ke riga shi sauka gulbi da bokiti, wai ya share masa hanya ya kuma ba albasarsa ruwa. Nasa 'ya'yan ya hana su zuwa gulbin, ya ce tsargiya ta yi yawa bana. Mutane suka yi ta sa masa albarka.

Gero na nuna, kore ya fara rarrafowa sama. Kaɗan kaɗan, har ya cinye inda ake tsayawa. Rakiya ce ta fara lura, ranar da saura ƙiris ta kifa da ƙwaryar kalwa a ka. Hankalinta ya tashi. To amma ina suruka za ta buɗe baki ta yi wa surukinta zancen wurin wankansa? Kunya ta hana. Sai ta tari Labbo ta faɗa masa, ta roƙe shi ya hana Baba sauka. Ya ce ta bar masa, zai goge dutsen da kansa.

Ana saura 'yan kwanaki a gama yankan gero, aka tsinci Baba Isah kwance rabi cikin ruwa, ƙeyarsa a fashe. Bai ko shura ba.

A zaman makoki Labbo ya yi kukan da ya sa dattawa ma share ido. Da ya lafa sai ya nuna ɗakin Rakiya.

"Ita ta kashe muna tsoho. Ruwan tokarta ya kashe dodon koɗi, yauƙin kalwarta ya shafe dutse. Na gargaɗe ta, ta ƙi ji."

Aka je aka duba. Gaskiya ne, ko dodon koɗi ɗaya babu a falalen. Rakiya ta rantse ita ce ta fara faɗa wa Labbo zancen santsin, amma wa zai saurari mai daddawa a gaban ɗa mai hawaye? Matan da suka shekara suna sayen daddawarta su ne suka fara tofar da yawu in ta wuce. Wata har ta zubar da miyar da ta riga ta kaɗa.

Ba a kai ta gaban alƙali ba, an ce ƙaddara ce ta biyo ta hannunta. Aka dai ɗaure mata kayanta aka sa ta a mota zuwa Bilbis wurin danginta. Yaran kuwa aka ce jinin gidan ne, ba inda za su. Ƙaramar, Sadiya, ta bi motar da gudu tana kiran Inna, har matar Labbo ta fizgo ta da mari. Rakiya ta tafi ba lambu, ba 'ya'ya, ba suna, zuciyarta kamar ta fashe.

Da aka yi sadakar arba'in, lambu ya zama na Labbo shi kaɗai. Sai dai ba a shayar da lambun nan sai an tsaya a kan falalen, kuma Labbo mutum ne mai tsananin son ransa.

Ranar kasuwa, gari ya watse, ya shiga cikin albasarsa ya buɗe wata tsohuwar randa da ya binne har wuya, ya kwashe dodon koɗin da ya yi ta tsincewa daga dutsen tun ranar da ya ce madalla, ya kai su ya mayar da su bakin aikinsu.