Safar Hannu

Lilon ya cilla uwa da 'ya sama, 'yar ta tsala ihu: "Mama, riƙe ni!"

Uwar ta dubi ɗan hannun. Ya damƙi ƙarfen da dubban mutane suka taɓa, ga danƙon alewa. Tun da suka zo hutu wurin wasan nan take fama da safar hannu kamar kullum, tana goge kowace kujera, mutane na ƙus-ƙus. Zuciyarta ta ce mata, ƙwayoyin cuta!

"To, su kashe ni mana!"

Ta fincike safar da haƙori, ta tofar, iska ta yi gaba da ita. Ta cafke hannun gam.

Yarinyar ta daina ihu, ta zuba mata ido.

"Mama, ashe hannunki da ɗumi?"