Katifar Mutum Biyar

Ta tuɓe silifas, ta hau katifar, ta kwanta a gicciye, ƙafafunta suna reto a waje.

"Ƙanwata, ba haka ake kwanciya ba," in ji mai shagon katifu na bakin titin Nima. "Wannan ita ce kwin sayiz, ta mata da miji ce. Kai nan, ƙafa can."

Tun shigowarta ya ga gammo a hannunta, ya gane kayayo ce, mai dakon kaya a Kasuwar Makola. Ta kwanta ta gefenta a can ƙarshe, ta mirgina, ta sake mirginawa, bakinta yana motsi, har ta kai ɗaya ƙarshen.

"Biyar," ta ce. "Mu kuwa shida ne a ɗakin, Alhaji."

Ya nuna mata wadda ta fi girma. Ta zaro igiyar da ta auno faɗin ɗakinsu na unguwar Maamobi da ita, ta gwada. Katifar ta fi ɗakin.

"Ɗaure mini ta farkon."

"Ta shidan fa?"

"Kowa da ranarta a ƙasa. Shekara huɗu dukanmu muna kan siminti kullum. Yanzu sau ɗaya ne a kwana shida."

Ya ce bari ya kira mai ɗauka. Ta yi dariya, ta naɗa gammonta, ta durƙusa.

Tun zuwanta Accra, yau ne ta fara ɗaukar kayan da ba za a sauke a ƙofar wani ba.