Kwalin Faya-fayan da Ta Dawo da Shi

Da mai gyaran agogo ya ga malamar jinya ta shigo shagonsa rungume da kwali, sai ya ajiye aikin da ke hannunsa. Faya-fayan tsohon mawaƙin da suke ƙauna ne, waɗanda ya saya mata kafin ya nemi aurenta. Ya san mace ba ta mayar da kyauta sai ta ƙi mai ita.

"Amsar ke nan?" ya tambaya, idonsa a ƙasa.

"Malam, ɗago kai," in ji ta. "Kowane faifai a nan kana da irinsa. Gida ɗaya zai ajiye biyu-biyu ne? Zauna mu zaɓa."

Ya sauke ajiyar zuciya, ya jawo mata kujera.

"Amma waƙoƙin da mawaƙin ya yi da tsufansa," in ji ta, "nawa faya-fayan za mu riƙe. Naka duk ka karce su."