'Yar Rakiya

Duk ranar da za a yi gwajin fitsari a asibiti, matar ba ta iya taka keken ɗinkinta, saboda fargaba. Ɗanta na fari, wanda take kira Babana, tabar wiwi ta kusa zautar da shi. Likita kuma ya gama magana: in gwaji ya sake nuna wiwi a jikinsa, za a kwantar da shi a ɗakin da ake kullewa, makaranta ma ta sallame shi.

"Magani kaɗai ba zai yi ba," in ji likitan. "Ki raba shi da abokan nan. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai."

Faɗa da baki ai da sauƙi. Saurayi ba akuya ba ne da za a ɗaure a turke, ita kuma ga ɗinkin mutane jibge a gabanta. Sai ta yi dabarar da har ta yaba wa kanta: ta haɗa shi da ƙanwarsa Auta, yarinyar da ko yatsa aka sa mata a baki ba za ta ciza ba. Duk inda ya sa ƙafa, tana biye. Wane mara kunya ne zai kunna wannan ƙazanta a gaban ƙanwarsa?

Da farko Auta har kuka take yi. Ta ce kangon da samarin ke zama wari yake, kuma suna tsokanarta da 'yar sanda. Uwar ta lallashe ta. Daga baya ƙorafin ya ɗauke, har ya zama ita ke riga yayanta sa takalmi.

Dabara kuwa ta ci. Gwaji bayan gwaji, sakamako fes. Babana zai karɓi 'yar kwalbar gwajin, ya shige banɗakin asibiti da rigar sanyinsa, wadda ba ya cirewa ko ana tafasa da zafi, ya fito yana murmushi.

Amma hankalin uwar bai kwanta ba. Idanun yaron ba su washe ba. A gidan kuma wani abu ya sauya wanda ta kasa kama bakin zarensa. Tukunya ta daina kwana da saura. Ɗakin yaran kullum ƙamshin turare har ya hau kai. Auta takan tuntsire da dariya ba dalili, sannan ta yi barci kamar an jefar da buhu. Uwar ta ce girma ne ya zo, ta mayar da idonta kan wanda take tsoro.

Ran nan likita ya daɗe bai kira su ba. Da ya kira, bai ce su zauna ba. Auta tana waje a kan benci, tana taunar cingam.

"Gwajin ya nuna wiwi," in ji likitan. "Kuma ba kaɗan ba. Wannan na mai sha ne kullum."

Uwar ta ɗaga hannu za ta kwaɗa wa yaron mari, sai hannun ya tsaya a sama. Ta saba ganinsa yana rantsuwa, yana borin kunya. Wannan karon kuwa ƙofa ya zuba wa ido, hawaye na zuba. Tun da ya girma ba ta taɓa ganin tsoro irin wannan a fuskarsa ba.

"Ba zai yiwu ba," ya ce a hankali. "Wallahi ba zai yiwu ba."

"Har yanzu ƙarya za ka yi mini, Babana?"

"Mama," ya ce, "ni tun da aka fara gwajin nan ban taɓa ba su fitsarina ba. Na Auta nake kawowa."